Filin Tambaya da Amsa: Sassaƙa da Huda Tsohuwar Roba Mai Tauri Don Ƙera Alƙalami

Wasiƙun da na zaɓa domin wannan fitowa duk sun taru a kan abu ɗaya, wato ebonait, robar nan mai tauri da aka riƙa yin alƙaluman tawada da ita kafin leda da dangoginta su cika duniya. Na taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wasu tsofaffin sanduna ne suka shigo hannuna daga cikin kayan wani dattijo mai gyaran alƙaluma, an ce da ni roba mai tauri ce. Launinsu ya koma ruwan ƙasa, wasu har da ɗan kore-kore, guda biyu kuma sun tanƙware. Ta yaya zan tabbatar ebonait ce, kuma shin za su yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka fara da wannan tambaya kafin ka ɗora komai a kan injin sassaƙa mai juya sanda, domin a zamanin da aka yi irin waɗannan sanduna ba ebonait kaɗai ake yin alƙalami da ita ba, kuma ɗaya daga cikin abokan zamanta tana da haɗari. Ebonait danƙon itacen roba ne da aka gauraya da farar wuta mai yawa, kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, aka gasa shi na tsawon sa'o'i har ya daskare ya yi tauri, alhali robar taya ba ta ɗaukar fiye da kashi kaɗan. Charles Goodyear ya samu rajistar hanyar gasa roba da farar wuta a Amurka a 1844, Thomas Hancock ya yi tasa a Ingila a daidai wannan lokaci, ɗan'uwan Charles mai suna Nelson Goodyear kuma shi ya yi rajistar nau'in mai tauri a 1851. Sunan ya samo asali ne daga eboni, baƙin katakon nan ɗan dangin kanya, saboda kamar da suke yi idan an goge su.

Gwajin farko hanci ne. Ka goga sandar da ƙarfi a tafin hannu ko a jikin tsumma har ta ɗan yi ɗumi, sannan ka sansana. Ebonait za ta ba ka warin ƙonanniyar taya haɗe da farar wuta, wari ne da ba ya ɓoyuwa. Idan ka ji ƙanshin kafur, to selulod ce, wata tsohuwar leda mai tauri, ka ajiye ta gefe, domin tana kama wuta cikin ƙiftawar ido, kuma zafin huji kaɗai yana iya tayar da ita. Idan warin ya yi kama da na tsohon allon cikin rediyo da ya yi zafi, bakalait ce, wata leda mai tauri wadda Leo Baekeland ya haɗa a 1907, ita kuma hanyar aikinta daban. Launin da ka gani a naka sandunan ma shaida ne a gare su: haske da danshi ne suke cin fatar ebonait, farar wutar da ke saman ta haɗu da iska ta zama ɗan asid irin na ruwan batir, baƙin ya dushe ya koma ruwan ƙasa ko kore. Yawanci wannan lalacewa ba ta wuce fata, yanka ɗaya marar zurfi yana fito da baƙin da ke ƙasa.

Gwaji na biyu shi ne ka yanke ɗan guntu daga bakin kowace sanda da zarto mai ƙananan haƙora, ka goge fuskar da samfefa, ka duba ta a haske sosai. Kana neman ƙananan ramuka irin na kumfa da siririn tsagi mai tafiya daga tsakiya zuwa gefe. Sandar da ke da tsagi ba za ta zama jikin alƙalamin da zai riƙe tawada ba, sai dai a ciri ƙananan sassa daga inda take da lafiya. Waɗanda suka tanƙware kuwa, ana iya ɗumama su a hankali da iska mai zafi, a mirgina su tsakanin katako biyu masu santsi, a danne har su huce. Sai dai ebonait ba ta manta siffar da aka gasa ta a kai, saboda haka idan tun wurin gashi ta karkace, duk ranar da ta sake yin zafi za ta nemi komawa. Ni da kaina nakan gwammace in yanka irin wannan sanda gajeru-gajeru, tunda karkatar da ta yi yawa a tsawon santimita 30 ba ta zama komai a guntu mai santimita 6.

Tambaya: Malam, sau biyu ke nan ina huda sandar ebonait mai kaurin milimita 16 domin jikin alƙalami. Na farko ƙarfen hujin ya maƙale a ciki har hayaƙi ya fito, na biyu kuma sandar ta tsage daga baki lokacin da na kusa gamawa. A katako ban taɓa ganin haka ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, abu ɗaya ne ya cinye maka sanduna biyun, wato zafi, sai dai ya zo maka da fuska biyu. Ebonait ba ta watsa zafi, shi ya sa alƙalaminta ba ya sanyi a hannu. Duk zafin da gogayya ta haifar a cikin rami yana nan inda aka haife shi, ba shi da mafita sai ta jikin ƙarfen da kuma garin da ke fitowa. Ita kuma tana fara laushi tun daga wajen digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas, zafin da bai kai na tafasasshen ruwa ba. Da zarar bangon ramin ya yi laushi sai ya kumbura ya rungume ƙarfen, garin da ya cushe a kwararon ƙarfen ya dunƙule ya zama kamar ƙullu, gogayya ta ƙaru, zafi ya ƙaru, har a kai ga hayaƙin da ka gani. A karo na biyu kuwa cushewar garin ce ta tura bangon waje, tsohuwar roba kuma ba ta da juriyar miƙewa, sai ta tsage daga wuri mafi rauni, wato bakin rami.

Ga yadda nake yi. Huji nake fara yi kafin in sassaƙe bayan sandar, domin a lokacin bangon yana da cikakken kaurinsa. Ina kama guntun da kolet, wato mariƙin da ke matse sanda daidai wa daida ta kowane gefe, ba mariƙi mai haƙora uku ba, wanda ke cizo a wurare uku kawai, yana barin tabo, wani lokaci ma yana fasa bututun da aka riga aka huda. Ba na barin fiye da kaɗan ya leƙo waje. Sai in daidaita fuskar bakin ta miƙe, in yi ɗan gurbi a tsakiya da gajeren ƙarfen sa alama, saboda dogon ƙarfen huji idan bai sami gurbin zama ba yakan kauce, ramin ya tafi a karkace, a wayi gari bango ɗaya ya fi ɗaya kauri.

Gudun injin a wajen huji bai kamata ya wuce juyi 300 zuwa 500 a minti ba, kuma gwargwadon faɗin ƙarfe gwargwadon rage gudu. Idan ramin milimita 9 nake nema, sai in fara da na 5, in bi da na 7, in ƙare da na 9. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne fitar da ƙarfen akai-akai: a shiga milimita 5 ko ƙasa da haka, a janyo shi gaba ɗaya, a share garin da buroshi, a hura iska a ramin, a taɓa bakin ƙarfen da yatsa bayan an tsayar da inji. In yatsa bai iya jurewa ba, robar ma ba za ta jure ba, sai a jira. Ramin jikin alƙalami yakan kai zurfin milimita 70 ko fiye, kuma rabin ƙarshen ne wurin haɗari, saboda garin yana da doguwar tafiya kafin ya fito, don haka a can ake ƙara rage tsawon kowace shiga. Mai gaggawa zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma minti goma sha biyar ne a kan sandar da ta shekara tamanin ko ɗari tana jira, wadda ba wanda zai sake yin irinta.

Akwai wata dabara da masu aikin tagulla suka sani. Ƙarfen huji na kasuwa an wasa bakinsa ne domin ya ciji baƙin ƙarfe, a abu mai gautsi kuwa yakan fizgi kansa ciki kamar sukuru, musamman idan ana faɗaɗa ramin da aka riga aka fara. Idan aka ɗan goga gaban kowane leɓe na bakin a kan dutsen washi, sau biyu ko uku, har ya yi ɗan siririn fili a miƙe, sai ƙarfen ya koma kankara maimakon cizo. Ka ware irin waɗannan ƙarafa domin roba kaɗai. Game da abin sanyaya rami, masu sana'ar sun rabu: wasu iska kawai suke hurawa, wasu ruwan sabulu mai sanyi suke ɗigawa, wasu ɗan mai marar kauri. Ni ina tare da masu iska, ina ƙarawa da ɗigon ruwan sabulu idan ramin ya yi zurfi, domin mai yana haɗuwa da gari ya zama laka, kuma wanke shi daga cikin bututun da tawada za ta zauna aiki ne. Kada ka manta ka naɗa salatif a jikin ƙarfen daidai zurfin da kake so, ka bar aƙalla milimita 5 a gindin da ba a huda ba. Na taɓa mantawa, na zo ina zagaye gindin alƙalami sai ga rami ya leƙo, sandar kuma ita kaɗai ce mai wannan launi a hannuna.

Tambaya: Ranka ya daɗe, wuƙaƙen sassaƙata suna dakushewa da wuri idan ina aikin ebonait, fuskar kuma tana fitowa da ƙananan ɓalli kamar an tsattsage ta. Laifin wuƙa ne ko na robar?

Amsa: Na duka biyun ne, Malam. Ebonait tana da taushin yanka amma tana cin kaifi, mai launi ta fi baƙa, saboda garin launin da aka zuba mata. Wuƙar ƙarfe mai kyau tana yin aiki, har takan ba da fuska mafi santsi, in dai za ka riƙa komawa dutse bayan kowane 'yan mintoci. Wanda ba ya son wannan zirga-zirga sai ya nemi baki na tangistin kabaid, ba kabaid ɗin masu walda ba, ya zaɓi nau'in da aka goge domin yankan alminiyom, tunda na yankan baƙin ƙarfe bakinsa a dakushe yake da gangan.

Abin da ke fitowa daga bakin wuƙa shi zai gaya maka gaskiya. Idan dogayen zare ne masu laushi suna zubowa, kaifi da gudu sun yi daidai. Idan gari ne mai ɗumi da wari mai ƙarfi, wuƙar goga take yi ba yanka ba. Idan kuwa ƙananan tsakuwoyi ne ke tsalle, ka ci da zurfi ko bakin wuƙar ya ɗago da yawa yana cizo. Tsohuwar sanda ta fi sabuwa yawan ba da gari ko da wuƙa na da kaifi, wannan halinta ne. Ka daidaita bakin wuƙa da tsakiyar sanda, ka riƙa ɗiban kaɗan-kaɗan, rabin milimita a farko, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a yankan ƙarshe, da gudun da ke kusa da juyi 1000 a minti ga sanda mai wannan kauri. Bayan an huda, a sa sandar ƙarfe mai daidai faɗin ramin a ciki ta tallafi bangon, in ba haka ba bututun zai riƙa kaucewa wuƙa yana rawa, rawar ce kuma ke barin layi-layi.

Tambaya: Malam, ni mace ce mai ƙera alƙaluma ba tare da sassan ƙarfe na haɗawa ba. Matsalata tiredin murfi, wato haƙoran murɗawa irin na sukuru: duk lokacin da na yanka shi a tsohuwar jar roba sai haƙoransa su marmashe. A baƙa ba na samun haka sosai.

Amsa: Malama, abin da kika lura da shi masu tara tsofaffin alƙaluma sun daɗe da saninsa. Kafin a mayar da roba ja ko ruwan lemo sai an cika ta da garin launi mai yawa domin ya rinjayi duhunta na asali, wannan gari kuma yana rage mata danƙo. Shi ya sa ake yawan samun murfin alƙalamin Duofold ja, wanda kamfanin Parker ya fitar a 1921, da tsagi a leɓe, alhali baƙaƙen tsararsa suna nan lafiya.

Ki fara da lissafin rami. Ƙa'idar ita ce a cire tazarar haƙori daga faɗin tiredi: M10, wato tiredi mai faɗin milimita 10, mai tazarar milimita 1, wanda aka saba haɗa wuya (inda yatsu ke riƙewa) da jiki da shi, yana son ramin milimita 9, M13 mai tazarar 0.8, mai bakin shiga uku, wanda ake yawan yi wa murfi domin ya buɗe da juyi kaɗan, yana son 12.2. A jar roba nakan ƙara kashi ɗaya cikin goma na milimita a ramin, in kuma rage kwatankwacin haka a ɓangaren da za a yanka ta waje, domin tsinin haƙori shi ke fara karyewa, kuma alƙalami ba ya ɗaukar nauyin da zai buƙaci cikakken haƙori. Ki ɗan fiƙe bakin kafin ki fara. Kada ki kunna inji: ki juya mariƙin da hannu, ƙarfen yanka tiredin yana tokare a layin tsakiya, rabin juyi gaba, kwata baya, kina fitarwa kina sharewa, da ɗan ruwan sabulu. Tiredin ciki na murfi a yanka shi tun sandar na da kaurinta, ko a zura mata zobe ta waje ya riƙe bakin. Ƙarfen yanka tiredin da ya taɓa shiga baƙin ƙarfe ya riga ya rasa kaifin da roba ke so. Idan duk da haka ta ƙi, babu aibi a yi ɓangaren tiredin da sabuwar baƙar ebonait a haɗa shi da jar. Tsofaffin alƙaluma jajaye da yawa wuyansu baƙi ne.

Tambaya: Warin aikin yana damun mutanen gida, ni ma nakan tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro. Akwai illa?

Amsa: Warin farar wuta ne, yana kuma kama tufafi da gashi, amma ƙurar ta fi warin zama abin damuwa. Tana da laushi ƙwarai, tana daɗewa a iska, tana shiga huhu. A tsohuwar roba mai launi akwai ƙarin dalili: daga cikin abubuwan da aka riƙa rina roba da su a wancan zamani akwai jan garin da ake haɗawa daga zaiba da farar wuta, da kuma wani na antimoni, ba kuwa yadda za a yi ka gane da ido wanne ke cikin sandarka. Ka sa takunkumin tace ƙura na gaske mai kama fuska, ba na tsumma ba, da tabarau na kariya, ka sa bututun zuƙar ƙura kusa da bakin wuƙa, ka yi gugar samfefa da ruwa, ka share wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Kada ka ƙona ɓarɓashin. Idan ƙaiƙayin ya ci gaba bayan haka, ka ga likita ka gaya masa irin aikin da kake yi.

Tambaya: Malam, na gama alƙalami ya yi baƙi wuluk yana sheƙi, bayan 'yan watanni sai ya fara dushewa. Tunda haka abin yake, kuma ga sabuwar ebonait ana sayarwa, mene ne amfanin wahala da tsohuwa?

Amsa: Dushewar ba alamar kuskurenka ba ce, Malam, tsohon ciwon ebonait ne, sabuwa da tsohuwa. Yana cikin dalilan da suka sa manyan kamfanoni suka bar ta: Sheaffer ya koma selulod a 1924, Parker ya bi a 1926, Waterman ya ɗan daɗe yana riƙe da robarsa mai ratsin ja da baƙi kafin shi ma ya sallama a ƙarshen shekarun 1920. A Japan wata hanya suka bi, kamfanin Namiki, wanda daga baya ya zama Pilot, ya riƙa lulluɓe ebonait da urushi, wato danƙon wani itace da ke bushewa ya yi tauri, ya tsare ta daga haske. Amma ko bayan da jikin alƙalami ya koma wasu abubuwa, an ci gaba da yin magudanar tawada da ke ƙarƙashin bakin rubutu da ebonait, irin wadda Lewis Waterman ya yi wa rajista a 1884, saboda tawada tana bin jikinta salin-alin, asid ɗin tawada ba ya cin ta, kuma ana iya ɗumama ta a lanƙwasa ta kwanta daidai da bakin.

A kan tambayarka ta biyu, ba zan ɓoye ra'ayina ba: wanda yake koyo bai kamata ya taɓa tsohuwar sanda ba. Ana yin sabuwa mai kyau har yau, a Nikko Ebonite da ke Tokiyo tun 1952, da kamfanoni a Jamus, da kuma Indiya, inda ƙera alƙalamin ebonait da hannu bai taɓa yankewa ba. Sabuwa ta fi sauƙin yanka, ta fi haƙuri da kuskure, in ta fashe a sayi wata. Tsufa shi kaɗai ba ya ƙara wa roba inganci. Amfanin tsohuwa biyu ne a wurina: akwai launi da ratsi da ba a yin irinsu yanzu, sannan mai gyaran tsohon alƙalami yana buƙatar abin da zai dace da murfin da ya ɓata ko wuyan da ya karye.

Game da sheƙin, ka tabbata ka cire tsohuwar fatar gaba ɗaya wajen sassaƙa, domin in ka bar ko kaɗan zai fito kamar gajimare bayan guga. Ka bi samfefa daga lamba 400 zuwa 2000 ba tare da tsallake mataki ba, bayan kowace lamba ka tsayar da inji ka goga a tsaye bisa tsawon alƙalamin domin kashe layin zobe, sannan ka ƙare da man guga a tsumma mai laushi da hannu marar nauyi, tunda zafin guga ma yana ƙona fuska ya bar jan tabo. Ɗan kaki siriri a ƙarshe yana rage wa danshi hanya. Daga nan sai ajiya: a cikin kube ko aljihun tebur, nesa da taga da fitila mai ƙarfi, ba a jiƙa bayansa cikin ruwa, balle ruwan zafi, wanda ke iya mayar da fatar da ta sha haske ruwan ƙasa nan take. Idan alƙalamin irin wanda ake zuba tawada kai tsaye a cikinsa ne, giris ɗin silikon ake shafa wa tiredin wuya, ba man da aka tace daga fetur ba. Kada kuma ka ajiye shi a akwati ɗaya da kayan azurfa, domin farar wutar da ke fita daga jikinsa tana baƙanta su.